Ɓarɓashin Roba a Cikin Kumbar Teku: Abin da Ya Shafi Manomi da Mai Kiwon Kifi

Idan ka taɓa ɗaga tsohon buhun taki da ya shekara a rana, ka ga yadda yake marmashewa a hannunka kamar gari, to ka riga ka san abin da za mu yi magana a kai. Wannan garin ba ya ruɓewa yadda kara da ganye suke ruɓewa. Ƙara ƙanƙancewa kawai yake yi, har ido ya daina ganin sa. Daga nan sai ruwan sama ya kwashe shi zuwa kwata, kwata ta kai shi rafi, rafi ya kai shi kogi.

A shekarun baya-bayan nan masu bincike sun bi sawun wannan gari har cikin abincin ɗan Adam. Inda suka fi samun sa a fili shi ne cikin wata ƙaramar dabbar teku da ake ci sosai a Turai da Asiya, wadda Turawa ke kira masil, mu kuma za mu kira ta kumbar teku. Ba abincinmu ba ce, amma abin da aka gano a jikinta ya shafi kifin da muke ci, da ruwan da muke kiwo a ciki, da ƙasar da muke nomawa.

Mene ne ɓarɓashin roba?

Duk wani gutsuren roba ko leda da tsawonsa bai kai milimita 5 ba, shi ake kira ɓarɓashin roba, a turance maikirofilastik. Manyan cikinsu sun kai girman ƙwayar dawa. Mafi yawansu kuwa ko kaurin gashin kai ba su kai ba, sai da madubin likita ake ganin su. Farfesa Richard Thompson na Jami'ar Plymouth da ke Ingila shi ne ya yaɗa wannan suna a shekarar 2004, bayan da shi da abokan aikinsa suka tarar da su a cikin yashin gaɓar teku da kuma cikin ruwan.

Ga manyan hanyoyin da suke fitowa:

- Leda, goran ruwa, buhu da tamfol da rana ta gasa suka yi gautsi suka farfashe.
- Zaren tufafin nailan da foliyesta da ke zuba lokacin wanki. Wani bincike na jami'ar Plymouth a 2016 ya nuna wankin kaya kilo 6 a inji na iya sakin zare sama da 700,000.
- Tayar mota da ta babur da ke cinyewa a kan kwalta.
- Tsohuwar koma, taru da igiyar nailan da aka yar a ruwa.

Don ka ga girman abin: wani lissafi da aka fitar a 2017 ya nuna cewa daga 1950 zuwa 2015 duniya ta ƙera roba tan biliyan 8.3. A cikin wadda ta zama shara, kashi 9 cikin 100 kawai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 suna nan a juji ko a warwatse a ƙasa da ruwa.

Wace ce kumbar teku, kuma me ya sa aka sa mata ido?

Wanda ya tashi a bakin gulbi ya san makankari, wato ɓawon nan mai santsi da ake kankare tukunya da shi. Dabbar da ke cikin wannan ɓawo 'yar'uwar kumbar teku ce. Ɓawo biyu ne a haɗe, da tsoka mai laushi a tsakiya. Ta teku ta fi baƙi, kuma tana liƙewa jikin dutse ko igiya da wani zare da take fitarwa daga jikinta.

Noman ta ake yi kamar yadda muke kiwon tarwaɗa. A yankin Galisiya na ƙasar Sifaniya, kan katako masu iyo ake rataya dogayen igiyoyi, kumbar ta kama ta girma a jikinsu. Ƙasar Sin da Chile suna cikin manyan masu samar da ita a duniya. A Beljiyam kuwa, tukunyar kumba da soyayyen dankalin Turawa tamkar tuwo da miya ne a wajenmu.

Abu uku ne suka sa masu bincike suka mai da ita ma'aunin tsabtar ruwa.

Na farko, yadda take cin abinci. Ba ta farauta. Buɗe ɓawonta take yi ta zuƙi ruwa, ta tace 'yan ƙananan tsirran da ke yawo a ciki, ta fesar da ruwan. Babbar kumba guda tana iya tace fiye da lita 20 a rana, wato fiye da jarka guda. Ɓarɓashin roba da ya yi daidai da girman abincinta yakan bi ya shige.

Na biyu, ba ta yawo. Inda ta liƙe nan za ta zauna, don haka abin da aka samu a cikinta labarin ruwan wannan wurin ne.

Na uku, kuma shi ya fi shafar mai ci: ba a fiɗe ta. Babban kifi ana yanka shi a zubar da kayan ciki. Ita kumba gaba ɗayanta ake cinyewa, har hanji da abin da ke cikin hanjin.

Akwai ƙari. A 2008 wani gwaji a Plymouth ya nuna cewa mafi ƙanƙantar ɓarɓashin ba ya tsayawa a hanjin kumbar. Cikin kwana 3 ya ratsa zuwa ruwan jikinta da ke zagayawa kamar jini, kuma aka ci gaba da ganin sa har bayan kwana 48.

Abin da aka ƙirga

A 2014 masu bincike na Jami'ar Gent a Beljiyam sun ɗauki kumbar da aka noma a Tekun Arewa ta ɓangaren Jamus, suka narkar da tsokarta suka ƙirga. Sun samu kimanin gutsure 1 a kowane giram 3 na tsoka. Faranti guda mai giram 250 ke nan yana ɗauke da gutsure wajen 90. Daga nan suka lissafa cewa Baturen da ya fi kowa cin irin waɗannan dabbobi masu ɓawo yana iya haɗiye gutsure har 11,000 a shekara. Wannan adadi shi ne ya zagaye jaridun duniya.

A binciken dai, sun ajiye wasu kumbar a ruwa mai tsabta na kwana 3 don su kasayar da abin da ke cikinsu. Adadin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran ya zauna. A 2018 kuma aka gwada kumbar da aka tsinto a gaɓar Ingila da wadda aka sayo a manyan kantuna, kuma kowane rukuni da aka gwada an tarar da ɓarɓashi a cikinsa.

To amma kada adadin ya ruɗe ka, domin akwai ɗaya ɓangaren. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai a 2016, da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, a 2017, sun mayar da lissafin zuwa nauyi. Ko a mafi munin hali, farantin kumba mai giram 225 yana ɗauke da roba maikirogiram 7. Wannan kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na nauyin ƙwayar gero guda.

Sannan a 2018 masu bincike a Jami'ar Heriot-Watt ta Sikotilan sun yi wata dabara mai sauƙi. Sun ajiye faifai masu danƙo kusa da farantin abinci a gidaje, suka ƙirga zaren robar da ke sauka daga ƙurar ɗaki yayin cin abinci. Sakamakon: mutumin Birtaniya yana haɗiye gutsure kusan 123 a shekara ta hanyar kumba, a ƙasashen da aka fi cin ta kuma har 4,620. Wanda ke sauka kan abinci daga ƙurar gida kuwa ya kama daga 13,000 zuwa 68,000 a shekara. Ka ga ke nan ƙurar ɗaki ta ninka kumba sau da yawa.

Abin da za ka riƙe a nan shi ne, kumba shaida ce kawai. Ta nuna cewa robar da aka yar tana dawowa cikin kwano, amma hanyoyin dawowar suna da yawa, kuma wasunsu suna cikin gidanka.

Me yake yi a jikin mutum?

Mafi yawan abin da aka haɗiye yana fita ta bayan gida. A 2018 likitoci a Biyana, babban birnin Austriya, sun gwada bayan gidan mutum 8 daga ƙasashe 8, suka samu roba a na kowannensu. Hukumar Turai ta ce gutsuren da bai kai maikiromita 150 ba, wato kaurin gashi biyu, shi ne kaɗai zai iya ratsa bangon hanji, kuma ko a cikinsa ɗan kaɗan ne ke ratsawa.

Sai dai ɗan kaɗan ɗin yana shiga. A 2022 an gwada jinin mutum 22 a ƙasar Holan, aka samu alamar roba a na mutum 17. A 2024 kuma likitoci a Italiya suka fitar da sakamakon da ya ja hankali. Sun bi marasa lafiya 257 da aka yi wa aikin cire kitsen da ya toshe jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa. An samu roba a cikin kitsen mutum 150. Cikin kusan shekara 3 da suka biyo baya, haɗarin bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ya ninka sau huɗu da ɗoriya ga waɗanda aka samu robar a jikinsu. Su kansu likitocin sun ce abin da suka gani alaƙa ce tsakanin abu biyu, ba hujjar cewa robar ce ta jawo ciwon ba. Duk da haka gargaɗi ne da ya isa a saurara.

Damuwa ta biyu ita ce sinadaran da ake zuba wa roba a masana'anta don ta yi laushi, ta yi launi ko ta jure rana. Wasunsu suna taɓa yadda jiki ke tafiyar da girma da haihuwa. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana sa sinadarin bisfinol A a kwalbar shayar da jarirai tun 2011. Ta fuskar kumba, FAO ta ce sinadaran da ke zuwa ta ɓarɓashinta ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na abin da mutum ke samu daga sauran abincinsa ba. Inda sinadaran suka fi saurin fita daga roba shi ne inda ta haɗu da zafi da mai. Ka tuna da wannan, za mu dawo kansa.

Ina ruwan manomin Arewa da dabbar teku?

Ruwansa da tsaki ma kuwa, ta hanya uku.

Hanya ta farko: kogunanmu. Kogin Sakkwato da na Kaduna suna zuba a kogin Neja. Gongola tana zuba a Binuwai. Su biyun suna haɗuwa a Lakwaja su gangara teku. Wani bincike da aka yi a Jamus a 2017 ya sa kogin Neja cikin manyan koguna 10 da suka fi kai sharar roba teku, tare da kogin Nilu. Wani lissafin na 2015 ya sa Najeriya ta 9 a jerin ƙasashen da robarsu ta fi shiga teku. Ledar da aka yar a Birnin Kebbi ko Yola tana da hanyar da za ta bi har Tekun Atlantika.

Ga mutanen Kano, Jigawa da Yobe kuwa, abin ya fi kusa da gida. Ruwan kogin Kano da na Challawa yana bi ta Haɗeja da fadamun Nguru, ya shiga Komadugu Yobe, ya ƙare a tafkin Chadi. Babu wata ƙofa zuwa teku. Duk robar da ta shiga wannan ruwa a wajenmu take zama, cikin fadamar da ake noman shinkafa da tafkin da ake kamo kifin banda.

Hanya ta biyu: kifin da muke ci. Darasin kumba shi ne, duk abin ruwan da ake ci ɗungurungum ya fi kawo ɓarɓashi. A wajenmu wannan ya haɗa da ƙananan busassun kifaye da ake aunawa da mudu, da jatan lande da ake dakawa a zuba a miya. Babban kifi, ko tarwaɗa ne ko karfasa ko na ƙanƙara da ake shigowa da shi daga waje, yawancin ɓarɓashin a hanjinsa da ƙarƙashin marfin kunnensa yake taruwa. Idan an fiɗe shi an wanke, an rage kaso mai yawa. Haka kuma garin kifi da ake haɗa abincin kaji da na kifi, daga ƙananan kifaye ake niƙa shi da kayan cikinsu, kuma bincike ya sha samun ɓarɓashi a cikinsa.

Hanya ta uku: gonar kanta. A rahoton da FAO ta fitar a 2021, ta ce a shekarar 2019 harkar noma a duniya ta yi amfani da roba tan miliyan 12.5. Noma da kiwo sun ci tan miliyan 10.2, kamun kifi da kiwonsa tan miliyan 2.1. Rahoton ya yi gargaɗin cewa ɓarɓashin da ke cikin ƙasar noma ya fi wanda ke cikin teku yawa. Dubi gonarka: buhun taki, ledar renon dashe, tiyon ban ruwa, kwalbar maganin feshi, da takin bola da ake kwasowa daga gari cike da ledar ruwa. Leda a cikin ƙasa tana tare saiwa, tana hana ruwa ratsawa daidai. Ta ɓangaren dabbobi kuwa, tambayi kowane mahauci irin dunƙulen ledar da yake cirowa daga tumbin saniya ko akuya da ta rame ba a san dalili ba.

Kada ka daina cin kifi

Wannan magana ce da ya kamata a faɗe ta a fili. Kifi yana gina jiki, yana ƙarfafa ƙashi, yana taimaka wa ƙwaƙwalwar yara. Ƙananan kifayen nan da ake ci da ƙayarsu suna cikin abinci mafi arha da ke bai wa yaro da mai juna biyu sinadaran da tuwo kaɗai ba zai ba su ba. Illar rashin su a bayyane take, kuma ta fi ta ɓarɓashin da ke cikinsu girma. Abin yi shi ne a rage robar da ke shiga ruwa da abinci tun daga tushe.

Matakan da za ka ɗauka

A gona:

1. Ka tace takin bola kafin ka watsa. A kafa raga mai manyan idanu, a tsince leda da tsumma a gefe. Aikin yini ɗaya ne, amma ledar da ta shiga ƙasa ta farfashe babu mai iya tsince ta kuma.
2. Lokacin dashe, ka yanka ledar reno ka cire ta ka tara a buhu. Kada ka binne ta da shukar.
3. Ka adana buhuna, tamfol da tiyo a inuwa. Rana ce babbar mai farfasa roba. Abin da aka ɓoye wa rana ya fi daɗewa, ka ga har kuɗinka ka tsare.
4. Kwalbar maganin feshi a ɗauraye ta sau 3, a juye ruwan ɗaurayar a tankin feshi, a huda ta. Kada a jefa ta a rafi, kada a zuba ruwan sha ko mai a ciki.
5. Bayan girbi, kafin a saki dabbobi, a zagaya a tsince leda.

Ga masunta da masu kiwon kifi:

1. Komar da ta mutu a fito da ita tudu. Wadda aka bari a ruwa tana ci gaba da kashe kifi, tana kuma zubar da zare shekara da shekaru.
2. Ka sa matacin raga mai ƙananan idanu a bakin bututun da ke kawo ruwa wurin kiwo, musamman idan daga kwata ko rafin da ya ratsa gari kake ja.
3. Ka yi wa kwamin tamfol rumfa. Idan ka ga tamfol ya fara fari yana ɓarewa, lokacin canza shi ya yi.
4. Ka juye abincin kifi daga buhun da ya fara marmashewa zuwa mazubi mai murfi.
5. Ka shanya kifi a kan asabari ko ragar waya da aka ɗaga daga ƙasa, nesa da ƙurar titi, maimakon kan tsohon buhu.
6. Kada a hura wutar banda da leda. Hayaƙinta guba ne ga mai aikin, kuma yana kama jikin kifin.

A gida, wannan kuma uwargida ta fi kowa iko da shi:

1. Zafi da mai su ne ke fitar da sinadaran roba. Alalen da ake dafawa a leda, da koko mai zafi da ake ƙullawa a leda, da tuwon da ake naɗewa tun yana tururi, duk sun shiga nan. Gwangwani, ganye da kwanon ƙarfe suna nan, kuma da su iyayenmu suka yi aiki.
2. A rufe abinci. Binciken Sikotilan ya nuna amfanin murfi da faifai ƙarara.
3. A fiɗe kifi a wanke cikinsa sosai. Busasshen kifi a jiƙa shi a ruwan ɗumi a ɗauraye kafin a sa a miya.
4. Kada a bar jakar ruwan leda ta wuni a rana kafin a sha.

Aikin ƙungiya

Mutum ɗaya ba zai tara robar da za ta ja mai saye zuwa ƙauye ba, amma ƙungiya za ta iya. Ku ware wuri a shagon ƙungiya inda kowane mamba zai kawo tsofaffin buhuna, goruna da tiyo. Ku rarraba su iri-iri, domin masu sayen roba a manyan garuruwa sun fi ba da farashi ga wadda aka ware aka kakkaɓe mata ƙasa. Abin da aka samu ya shiga asusun ƙungiya.

Ku sa ranar gayya kafin saukar damina, a kwashe leda daga magudanan ban ruwa da bakin madatsa. Ruwan farko shi ne ke kwashe sharar rani gaba ɗaya ya zuba a kogi, don haka aikin da aka yi a watan Afrilu ko Mayu ya fi wanda za a yi a Agusta amfani.

Idan kuna sayen kayan aiki a dunƙule, ku zaɓi tiyo da tamfol masu kauri. Na arha da zai farfashe a kaka ɗaya, sau biyu za a biya kuɗinsa: a kasuwa, da kuma a cikin ƙasar gona.

Ku kuma sa ido a kan doka, domin ta fara motsi. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi baya a 2017, jihar Legas kuma ta hana farin mazubin abinci na soso a farkon 2024. Ƙungiyar da ke kai kifi ko kayan gwari Kudu, gara ta fara tunanin mazubin da za a iya wankewa a sake amfani da shi tun kafin a tilasta mata.

Masu noman kumba a Turai ba su ne suka zuba yawancin robar da ke cikin amfaninsu ba. Daga garuruwa da gonakin da ke can sama ruwa ya kawo musu. Mu ma kowannenmu yana sama da wani a kan kogi, wani kuma yana sama da shi. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A taron ƙungiya mai zuwa, ku sa maganar tace takin bola da ranar kwashe magudana a cikin abin da za a tattauna, ku tsayar da rana.